Jirgin Kawu ya ɓace a waya, muka ce sun samu kifi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna ya rasu, wan mahaifiyata, wanda ya ɗauko ni daga Bur Sudan ya kawo ni Jidda ina saurayi. A bahar ya rasu, cikin kwale-kwalen ceto na roba, 'yan ceto suna can suna nemansu. Allah ya jiƙansa.

An jera kujeru a lungunmu na Sharafiyya yadda aka saba, ana zagayawa da gahawa. Mu dangi muna tsaye a layi, mutane na wucewa suna dafa mana kafaɗa. Na ji magana iri-iri. Tsofaffin da suka zo tare da shi daga Sudan suka ce ya dace, wanda ruwa ya ci shahidi ne. Ban tsaya gaya musu ba ruwa ne ya ci shi ba, ƙishirwa ce da ciwon sukari. Wani ɗan Nijar mai facin taya ya fashe da kuka har sai da aka zaunar da shi, yana cewa shekara da shekaru gidansa bai sayi kifi ba saboda Kawu. Samarin da aka haifa a nan suka yi ta'aziyyarsu da Larabci suka koma kan wayoyinsu, ban ga laifinsu ba. Mai jirgin ma ya zo. Shi ne kafilin Kawu, wato wanda ya tsaya masa a takardar zama da aiki a ƙasar nan, shi ne kafilina, shi ne kafilin rabin mazan lungun nan. Jikan mutanenmu ne da suka zo hajji tun zamanin ƙafa suka zauna, yana da takardar ƙasa, Hausarsa kuwa sai ranar mutuwa take fitowa. Ya rungume ni yana ƙamshin turare ya ce, "Sai haƙuri, ya ahuya, ɗan'uwana. Uba ne gare mu duka."

Duk wannan na shanye. Abin da ya ƙi shanyuwa daga kujerar bayana ya fito. Wani yana ce wa na kusa da shi ƙasa-ƙasa, "Ai an ce tsohon ne ya zare wayar jihazi ya jona butar shayinsa. Shi ya sa aka rasa inda suke."

Ɗayan ya ce, "Allah sarki. Tsufa."

Na juya na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Haka ake faɗa."

"Wa ke faɗa?"

Ya ce, "Haba malam, a gidan makoki muke, ka sassauta."

Saboda maganar nan nake wannan rubutu. Ba sana'ata ba ce, sana'ata sauke kifi da zuba masa ƙanƙara a kasuwar kifi. Amma mutum ya yi rayuwarsa duka a bahar, a ƙarshe a ce abin da za a riƙa tunawa da shi shi ne ya halaka jirgi don kofin shayi? Ban yarda ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, jihazi wata 'yar na'ura ce a ɗakin tuƙi. Muddin tana kunne, jirgin yana fitowa a taswirar waya kamar ɗigo, kowa na ganin inda yake. Masu tsaron bahar suna gani, matan gida suna gani, masu wasu jiragen ma suna gani. Don a same ka idan wani abu ya faru aka yi ta.

To butar shayi. A jirgin nan babu butar lantarki, ba a taɓa yin ta ba. Kawu a ɗan murhun gas yake dafa shayinsa, yana ɗaure da igiya a bayan jirgi, kuma ruwan butar lantarki ruwan wanka yake ce masa. Ko a gidan 'yarsa aka kawo masa, kurɓa ɗaya zai yi ya ture. Duk wanda ke zaune a kujerun nan ya san haka. Sun sani suka gyaɗa kai.

Ba zan ce muku mutum ne mai daɗin zama ba. Bakinsa babu sauƙi. Buhun gishiri yake kirana tun ranar da ya gane ban iya ruwa ba, har na yi furfura bai canza mini suna ba. Inna, mahaifiyata, ta taɓa ce masa ya tsufa, ya bar bahar ya zauna a gida. Ya daina yi mata magana tun daga azumi har aka sauko daga Arfa. Amma duk dawowar jirgi sai ya aiko mata da kan kifi mafi girma, ya ce wa ɗan aike, "Kai wa matar nan mai son in mutu a kan tabarma." Ƙananan kifin da mai jirgi ba ya kulawa da su kuwa, shi ke tsincewa a leda-leda, ya bi gidajen tsofaffin matan da ba su da kowa yana ratayewa a ƙofa. In an fito yi masa godiya sai ya yi faɗa, ya ce ba ya son surutu, a soya kafin ya lalace.

A saman ɗakin tuƙi akwai wata farar ganga. Idan aka jefa ta ruwa aka ja igiyarta, sai ta buɗe ta hura kanta ta zama kwale-kwale mai rumfa. Ita ce ta ceto. Kawu ba ya bari a shanya ko wando a kanta. Wata shekara aka sace irinta a wani jirgi a bakin tasha, sai mai jirginmu ya sa aka ɗaure tamu da sarƙa da kwaɗo, mabuɗin yana ofishinsa. Kawu ya ari zarto, ya hau da rana tsaka kowa na kallo, ya yanke sarƙar. Ya saɓa ta a kafaɗa ya shiga mota har Aziziyya, ya zube ta a kan teburin mutumin.

Ya ce, "Ga kayanka, Alhaji. Ranar da jirgi zai nutse ba zan samu lokacin zuwa Aziziyya karɓar mabuɗi ba."

Mai jirgi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Bai kore shi ba, don babu mai gyaran koma da ɗaurin ƙugiya kamarsa, amma bai manta ba.

Wani abu kuma a gaban idona ya faru, lokacin ina bin jirgi kafin ciwon baya ya hana ni. Muna dawowa da kifi cike, sai muka hango mutane maƙale da wani kwale-kwale da ya kife. Daga ɗaya gefen bahar suka taso, babu mai takarda a cikinsu. Nahudan da muke da shi a lokacin, wato matuƙin jirgi, ya ce zai kira 'yan ceto ta rediyo ya gaya musu wurin, mu wuce. In muka ɗauke su za a tsare mu da tambayoyi har ƙanƙara ta narke. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa mini bakinta ya ce, "Riƙe, buhun gishiri," ya faɗa ruwa. Daga can ƙasa ya ɗago kai ya ce wa nahuda, "Yalla, tuƙa. Ka je ka gaya wa Alhaji inda ka baro ni." Dole aka kashe inji. Muka jawo su ɗaya bayan ɗaya, muka tsaya da su har jirgin ceto ya iso ya karɓe su. Kifin ya lalace kamar yadda nahuda ya faɗa. Kawu bai taɓa ba da labarin nan don a yaba masa ba. In ya tuna, abin da yake cewa kawai shi ne mutanen sun shanye masa sukari.

Wannan mutumin ne aka ce ya zare wayar jihazi.

Ga gaskiyar yadda ake aiki, kuma duk mai cin abinci a bahar ya san ta. Kifin mai tsada a jikin duwatsun ƙarƙashin ruwa yake, kowane mai jirgi yana da wurinsa da yake ɓoyewa. Tunda jihazi ya zo, masu jirage suka koma zama a ofis suna leƙen ɗigon juna. Suka ga ɗigonka ya daɗe a wuri ɗaya, gobe jiragensu na can. Sai aka fito da dabara: in an kusa wurin kifi a kashe jihazi, in an juyo gida a kunna. Wani lokacin ma wurin ya wuce iyakar da takardar izinin fita ta ba su, to ka ga dalili ya zama biyu.

Nahudan jirgin a wannan karon surukin Kawu ne, mijin 'yarsa tilo. Da babbar sallar da ta wuce, muna kan tabarma muna cin nama, suka kaure a kan wannan.

Kawu ya ce, "Kai in ka kashe abin nan, wa kake ɓuya wa?"

Surukin ya ce, "Baba, kowa haka yake yi. In na bar shi a kunne, kafin mu jefa ƙugiya an kewaye mu. Kuma Alhaji ne ya ce a kashe."

"Alhaji yana cikin sanyi a ofis. Kai kake kan ruwa."

"To Baba, in na ƙi ya sa wani. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take."

Kawu ya ajiye ƙashin da ke hannunsa ya ce, "Bahar bai san kafilinka ba." Ya tashi ya wanke hannu, bai ƙarasa cin naman ba. 'Yarsa ta bi shi da kwano tana cewa, "Baba, yau salla fa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da dabarar nan ta mai da mu, mu na tudu. Ɗigo ya ɓace a waya, ya kamata gaban mutum ya faɗi. Mu kuwa an koya mana murna. "Sun ɓace" a bakinmu na nufin sun isa wurin kifi. Ranar da ɗigonsu ya ɓace, 'yar Kawu ta kira ni. Taubashiyata ce, ba ma gaisawa sai da tsiya.

Ta ce, "Kai mai warin kifi, ka tanadi ƙanƙara, sun ɓace tun da safe."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ki ce wa mijinki in ya dawo ya saya miki sabon baki, wannan ya tsufa."

Muka yi dariya muka kashe waya. Ashe ba a jima da wannan ba jirgin ya hau dutse, ruwa ya cika ɗakin inji, wuta ta ɗauke kafin a kai hannu ga rediyo. Suna can cikin roba rana na gasa su, mu muna nan muna jiran kifi.

Ranar dawowarsu ta zo ta wuce, ɗigo bai fito ba. Na je ofishin mai jirgi. Ya ce sai gobe: "Bukra, in sha Allahu. Kifi ne ya riƙe su." Washegari na koma, ya ce in daina tayar wa mata da hankali. Daga ƙofar ofishinsa na kira 'yan ceto da kaina. Su kam ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri, nan take suka fita. Amma ina za su nufa? Inda ɗigo ya tsaya na ƙarshe suka je, suka yi ta kewaye a ruwan da babu komai, alhali jirgin ya yi tafiya mai nisa bayan an kashe jihazi. Suka tambaye ni ina suke kamun kifi. Ban sani ba, na daɗe da barin jirgi, kuma wurin canzawa yake. Suka tambayi mai jirgi. Ya ce nahuda ne kaɗai ya sani.

Ƙarya yake yi. Shi ke zaɓar wurin. Tsoronsa kada a gane ya tura jirgi bayan iyaka, kada kuma wurin kifinsa ya shiga kunnen mutane.

Inna ce ta buɗe bakinsa. Tsohuwar da ba ta hawa bene sai an riƙe ta, ta sa na kai ta Aziziyya. An ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofarsa inda duk mai shiga sai ya tsallake ta. Da ya fito, ta ɗaga masa hannayenta biyu ta ce, "Da waɗannan na wanke gawar uwarka. Ina ɗan'uwana?"

Ya ce, "Ya hala, goggo, wallahi..."

Ta ce, "Kar ka rantse. Ina ɗan'uwana?"

Ya koma ciki ya ɗauki waya. Da la'asar aka same su.

Abin da ya faru cikin kwale-kwalen, wani ɗan Bangaladash da ke aiki a jirgin ya ba ni labari a gadon asibiti da guntun Larabcinsa, leɓensa duk a tsage. Ya ce Kawu ne ya hau ya turo gangar ceton cikin ruwa, jirgi na karkata. Jakar maganinsa ta tafi da jirgin. A cikin robar shi ya riƙe ruwan sha, yana ba kowa a murfin gora. Wani ya kai hannu ga ruwan gishiri, Kawu ya kwaɗa masa mari. Ya raba musu aiki, wannan ya kwashe ruwa, wancan ya duba sararin sama, a yi salla a zaune kowa a lokacinta. Kuma bai bar surukinsa ya huta ba. Duk jirgin da suka hango can nesa ya wuce bai gan su ba, sai ya juya ya ce masa, "To, ga shi ka ɓuya. Ka ji daɗi?" Daga baya jikinsa ya fara rawa, maganarsa ta rikice, ya riƙa kiran mutanen da suka daɗe da mutuwa a Bur Sudan. Da safiyar ranar da aka same su ya cika. Surukin ne ya rufe masa ido, ya yagi rigarsa ya ɗaure masa haɓa. Da jirgin ceto ya iso, gawar Kawu suka fara ɗagawa, a hankali, kafin masu rai. Duk sauran sun rayu.

Da safe ya cika, da la'asar aka same su. Da an faɗi wurin tun zuwana na farko, da yanzu yana nan yana zagina.

Bayan an tashi daga zaman makoki, dattawan lungu suka kira ni ɗakin Inna. Sun ji masu bincike za su neme ni tunda ni na kai rahoto. Babbansu ya yi magana a hankali, ba da mugunta ba. Ya ce in aka tabbatar nahuda ne ya kashe jihazi, za a karɓe takardarsa a fitar da shi daga ƙasar, ya bar 'yar marigayi da yara. In aka tabbatar umarnin mai jirgi ne, za a tsayar da jiragensa, rabin lungun nan su zauna. Sudan kuma ga yadda take, yaƙi ya cinye gidajen da za mu koma. Ya ce, "Ɗana, shi ya riga ya tafi. Mamaci ba ya buƙatar iƙama. Ka bar maganar butar nan yadda take, ba ta rage shi da komai ba wajen Allah."

Na dubi Inna. Matar da ta zauna a ƙasa a ƙofar ofis, yanzu kanta na sunkuye. Ta ce, "Ɗaya na rasa. Kar ka sa in rasa biyu."

Ba zan ce maganarsu babu gaskiya a ciki ba. Ni ma iƙamata a hannun mutumin take, kuma ta kusa ƙarewa. Ba ni da inda na sani a duniya sai tsakanin Sharafiyya da kasuwar kifi. Amma ku duba abin da suke nema. Mutumin da ya yi ta faɗa da bakinsa a bar abin nan a kunne, shi za a ɗora wa kashe shi, don shi kaɗai ne ba zai iya tashi ya ce ƙarya ne ba. Kuma gobe jirage su fita, a sake kashewa, mata su sake yin murna.

Na je wurin masu binciken. Aka tambaye ni, na faɗi abin da na sani. Na ce babu butar lantarki a jirgin. Na ce kashe jihazi al'ada ce, kuma na ji da kunnena a kan tabarmar salla wanda ya ba da umarni. Na faɗi zuwana ofis da abin da aka ce mini. Mai rubutawa ya rubuta, ya ce in tafi za a neme ni. Surukin Kawu, na ji an ce, a kan maganar buta ya tsaya.

Har yau ban san abin da za a yanke ba. Abin da na sani, an aiko mini in zauna a gida sai an neme ni a kasuwa, kuma ba a neme ni ba. Mutanen da muka yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci yanzu in sun hango ni sai waya ta kama su. Inna tana ajiye mini abinci ta koma ɗaki. An ce in yafe wa mai jirgi, wai shi ma yana cikin damuwa. Ban yafe ba. In Allah ya sa mini yafiyar wata rana, to, amma yau babu ita, kuma ba zan yi ƙarya a takardar ta'aziyya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je maƙabarta. A garin nan ba a rubuta suna a kabari, ɗan dutse ne kawai a kai da ƙafa, duk iri ɗaya. Sai da na yi ta lalube kafin na gane layin, kuma ko yanzu ba zan rantse a kan nasa na tsaya ba. Nan da 'yan shekaru babu mai ganewa. Abin da zai rage na Kawu shi ne abin da ke bakin mutane.

Ina fitowa wayata ta yi ƙara. 'Yarsa ce. Tun ranar da na je wurin masu bincike ba ta ƙara yi mini magana ba. Babu tsiya a muryarta, babu gaisuwa.

Ta ce, "An ce ka je wurin Baba."

Na ce, "Yanzu na fito."

 Sai ta ce, "Na san ba shi ya zare ba. Tun ranar farko na sani. Mijina ba ya barci, in ya kwanta sai ya yi ta kiran Baba. Amma ina da yara, ka gane?"

Na ce, "Na gane."

Ta ce, "An ce rubutu kake yi."

"Ina yi."

"To ka rubuta duka. Yaran nan za su girma, su karanta su san kakansu. Amma kar ka sa sunan kowa. Ko na Baba."

Na ce, "Ko nasa?"

Ta ce, "Waɗanda suka san shi za su gane." Ta kashe wayar.

Shi ya sa ba ku ga suna ko ɗaya a nan ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi ruwan da babu ƙishirwa bayansa, ya yafe masa kaifin bakinsa. Waɗanda suka san wurin suka yi shiru kuwa, na bar su da Wanda ba a kashe masa jihazi.